Rakiyar da Na Yi a Sansanin Maraɗi

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tare ni, a wajen niƙa a tare ni, har matar da ta kawo ɗinkin anko shekaranjiya sai da ta ajiye atamfa ta gyara zama ta ce, "Hajiya Asabe, wai ya Nijar ɗin?" Ni kuma in na fara ba na iya tsayawa, in na tsaya sai in ji ban faɗi abin da ke cina ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kowa ta karanta ta ƙyale ni in taka kekena. Abu guda dai, akwai wata mata a labarin nan da na sauya wa kama, ban faɗi garinsu ba, sunanta kuwa ni ma ban sani ba. Kada wadda ta zo ta ce in ƙara mata bayani.

Ga waɗanda ba su san ni ba, tela ce ni a Unguwar Kanawa. Da 'yan bindiga suka fara koro mutanen ƙauyukan Birnin Gwari, mata suka cika kangaye a wajen Mando, sai muka haɗa 'yar ƙungiya ina koya musu ɗinki. A kan keke mace takan faɗi abin da ba za ta faɗa wa likita ba, wannan na daɗe da ganowa. Mai rubuta mana takardu ita ce Rifkatu, malamar firamare 'yar Kagoro da ke zaune a Badarawa. Ita ta zo min da magana wata rana, ta ce an gayyaci mata masu irin aikinmu daga ƙasashe huɗu, za a yi mako biyu a wani sansanin 'yan gudun hijira kusa da Maraɗi, a koya wa juna yadda ake kula da matan da aka yi wa fyaɗe ko ake duka a zaman gudun hijira.

Na ce, "Rifkatu, ni da ko Zariya sai da babban dalili? Turancin ma ina na gan shi?"

Ta ce, "Anti, bakinki ake so, ba turancinki ba."

Maigidana ya yi kwana biyu bai ce uffan ba. Rana ta uku ya ce in na tashi dawowa in taho masa da kilishi. Wanda ya san shi ya san an gama magana ke nan.

Mun isa tashar Kawo da sassafe, muka tarar motar Katsina saura mutum biyu. Mutum biyun nan sai da suka ci mana awa biyu. Ni dama ba a halicce ni da zama ba. Na sauka na hau ya fi sau biyar, har direba ya ce, "Hajiya, ko ke za ki yi mana kamasho?" Da muka tashi, wani ɗan kasuwar albasa da ke gefena ya tambayi abin da za mu je yi Nijar. Ni kuwa kamar jira nake, na soma ba shi labarin wata mata a Mando da abin da aka yi mata a hanya. Ban faɗi suna ba, amma na kusa faɗin ƙauyensu, sai na ji Rifkatu ta mintsine ni a cinya, mintsinin da har yau wurin bai manta ba. Na yi ta hararar ta har Jaji.

Bayan Funtuwa kowa ya yi tsit a motar. Masu danna waya suka ajiye, mai albasa ya ciro carbi. Daf da Malumfashi kuma taya ta yi bindiga. Innalillahi! Wata mata a baya ta kwanta a kan 'yarta tun kafin mu san ƙarar mece ce. Direba yana canza taya, mu muna tsaye bakin titi, ba mai kallon taya, kowa daji yake kallo. Ina jan duk addu'ar da ta zo bakina, Rifkatu na jan tata, hannunta cikin nawa. Da muka koma mota aka fara dariya, irin dariyar da ke fita da gumi.

A Katsina muka kwana, don an ce hanyar Jibiya ba a yi mata sammako, ba a kuma yi mata yamma. Masaukin ba laifi, sai dai fankar ɗakin kuka take kamar akuyar da aka raba da ɗanta, ruwan wanka kuma a bokiti aka hawo mana da shi. Da safe mai wainar ƙofar masaukin ta ji maganarmu ta ce, "Mutanen Kaduna, Hausarku ba uwa ba uba." Na ce mata wainarta ma haka take, ba gishiri ba yaji. Muka rabu ta ƙara min biyu.

A iyaka na yi abin kunyar farko. Saboda tsoron ɓarayi, na cusa fasfona da katin rigakafi a can ƙasan jaka, ƙarƙashin daddawar da na ɗauko don an ce min miyar can ba ta da ɗanɗano. Da muka zo wajen jandarman Nijar sai da na zazzage jakar kaf a kan benci, zannuwa, kuka, kuɓewa busasshiya, man zafi, jama'a na kallo. Jandarman ya karɓi fasfon da yatsa biyu, ya kai hanci, ya ce, "Madam, wanga ai ba hatimi yake so ba, tukunya yake so." Duk wurin aka kwashe da dariya. Abin da ya ba ni mamaki, Hausa yake yi da ni tsaf, fuskarsa kamar ta ƙanin maigidana, amma da ya sunkuya rubutu sai Faransanci. Taku kaɗan muka yi daga namu shingen, har an koma kirana Madam.

Maraɗi gari ne na 'yan kasuwa, ba ka jin baƙunta sosai sai an zo ci. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ga tauri, mutum ya saƙalo shi a hammata yana tafiya. Shayi kuma a ɗan mitsitsin kofi, sau uku, na farko ɗaci kamar maganin shawara. Na kurɓa na ce a ƙara min ruwa da madara, suka dube ni kamar na yi saɓo. Amma fura, wadda suke ce wa hura, wallahi ban taɓa shan irinta ba. Maganar miya kuwa ƙarya aka yi musu, daddawata haka na dawo da ita.

Kwana uku muka yi a gari ana ba mu horo. Shugabar aikin ita ce Madam Zainabu, Bamaraɗiya siririya mai magana a hankali, irin mutanen da in sun yi shiru ka fi jin tsoronsu. Sai Mama Furaha, ungozoma daga Kwango, ƙatuwa, ba ta jin Hausa ko kaɗan, Madam Zainabu ke fassara mana Faransancinta. Akwai mata biyu daga Chadi, da mu biyu daga Najeriya. Abin da aka yi ta nanatawa bai da yawa. Kada ki tambayi mace me ya kai ta wurin. Kada ki yi mata komai sai da yardarta. In an yi wa mace fyaɗe, akwai maganin da ke kare ta daga cutar ƙanjamau, amma sai ta fara sha kafin kwana uku su cika, in sun wuce shi ke nan. Sai sirri, sirri, sirri. Har aka ce in mace ta tashi tafiya a bar ta ta tafi ita kaɗai. Ina ta gyaɗa kai, a raina ina cewa ai mu muka san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, wa za a koya wa rufin asiri? Aka raba mana falmaran mai tambarin aiki, na saka tawa ina jin kaina.

Sansanin yana da 'yar tafiya daga gari. Da na sauka na ji ana gaisawa sai jikina ya yi sanyi, don mutanenmu ne, 'yan ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da suka tsallako da abin da ke jikinsu. A tsakiya aka kewaye wani wuri da zana, ana ce masa gidan mata, namiji ba ya shiga. Akwai kekunan ɗinki, masu haɗa sabulu, masu kitso. A can ƙurya kuma ɗan ɗaki ne, inda ake sauraron wadda ke da magana, a duba ta, a ba ta magani. Ƙofar shiga ɗaya ce, don haka na waje bai san wadda ta zo kitso da wadda ta zo kuka ba. Wannan dabara Mama Furaha ta kawo daga ƙasarsu. Matan Chadi suka kawo ta zuwa itace a ƙungiya da usur a wuya. Ni kuma na tarar da kekuna uku a jingine an ce sun mutu, na kwance su na wanke da kananzir, kafin azahar suna gudu. Mama Furaha ta rungume ni har sai da ƙashina ya yi ƙara.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. Mace za ta yi sallama ta tashi, ma'aikatan nan suna zaune ƙememe, ba mai taka mata ko zuwa bakin zana. Ni a gidanmu, in baƙo ya fita ba ki raka shi ba, mahaifiyata sai ta tambaye ki ko a daji aka haife ki. Mai tallan kuka ma sai na kai ta zaure. Na san an faɗa a horo, amma a ido sai na ga abin kamar wulaƙanci.

Ran Talata ta mako na biyu wata mata ta shigo da goyo, ba za ta wuce shekara ashirin da biyar ba. Ta zauna a kan keke, ta ɗora ƙafa, amma ba ta saka zare ba. Na ja kujera kusa da ita na hau gyara mata ƙoshiyar keken ina 'yan surutaina. Can, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Inna, jiya da hantsi na tahi itace ni ɗaya, ayari ya riga ya wuce." Sannan ta ce, "Su biyu ne." Mijinta bai sani ba. Uwar mijin kuma a tanti ɗaya suke kwana. Ta ce in maganar ta fita, ba ta da gidan komawa, don garinsu ma babu shi yanzu.

Na kai ta ɗakin ƙurya wajen Madam Zainabu. Aka yi rashin sa'a, Mama Furaha ta bi wata mai doguwar naƙuda asibitin gari, ita kaɗai ce kuma ke da izinin dubawa da ba da maganin. Aka ce ta dawo gobe Laraba da safe. Madam Zainabu ta yi mata bayani ƙarara, hantsin Alhamis kwana ukun ke cika. Ta ce za ta zo.

To, a nan na yi ɓarnar. Ta fito tana gyara goyo, sai kawai na ga kaina a gefenta. Wallahi ban yi shawara da zuciyata ba, ƙafata ce ta tashi. Na riƙe mata hannu, falmaran a jikina, idona jawur don na yi kuka. Muka ratsa ta bakin famfo inda mata suka yi layi da jarkoki, ina ji hira ta tsaya, ban gane ba. Ta ɗan ja hannunta, na ƙara riƙewa, a zatona kunya take ji. Har ƙofar tantinsu na kai ta. Uwar mijin na zaune tana tsince wake. Na gaishe ta, na juya wajen matar na ce, "Sannu, Allah ya ƙara haƙuri."

Tsohuwar ta ɗago ta ce, "Haƙurin mi?"

Nan na ji kamar an watsa min ruwan sanyi. Na ce, "Na zaman gudun hijira, Iya." Ta dube ni, ta dubi falmaran, ta dubi matar ɗanta. Sai ta ci gaba da tsintar wakenta.

Da na koma, Madam Zainabu na tsaye a bakin zana. Ta ce, "Hajiya, ina kika tahi?"

Na ce, "Rakiya na yi."

Ta rufe ido ta daɗe. Da ma zagina ta yi ya fi min sauƙi. Ta ce, "Wata nawa muna nan, ba a taɓa ganin mai falmaran ta raka kowa ba. Yau an ga ɗaya, da hawaye, hannu cikin hannu. Ke in kina layin famfo mi za ki ce?" Ta ce ita ma Bahausa ce, sai da ta yi shekara tana wannan aiki kafin ƙafarta ta koyi zama. Rifkatu kuwa ba ta raga min ba. Ta ce, "Anti, a mota na mintsine ki, yau da na sani da igiya zan ɗaure ki."

Laraba da safe Mama Furaha ta dawo, ta buɗe akwatin magani, muka zauna jira. Matar ba ta zo ba. Ɗaya daga cikin masu sabulu ta shigo tana cewa a famfo ana ta magana, wai ruwa ba ya tsami banza, me aka yi wa matar wane har ma'aikaciya ta rako ta tana kuka? Na kasa tsaye na kasa zaune. Na ce a ba ni maganin in ɓoye a zani in kai mata. Madam Zainabu ta fassara, Mama Furaha ta girgiza kai ta yi magana mai tsawo. Ta ce in na sake zuwa ƙofar nan ni kaɗai, na rubuta abin a goshin matar. Ta ce kuma ba a bin mace da magani, ita za ta zo da ƙafarta in ta ga hanya. Sai ta faɗi nata. Tana sabuwar ma'aikaciya a ƙasarsu, ta taɓa tsayar da farar motar aiki a ƙofar wata mata don tausayi, kafin mako ya zagayo an kore ta daga gidan da 'ya'yanta. Ta ce har yau tana ganin ƙofar.

Ta dube ni, sai ta tambaya, "A ƙasarku, wa kuke rakawa?"

Na ce, "Kowa."

Ta ce, "To ki raka kowa."

Madam Zainabu ta fassara tana 'yar dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Ta ce, "Hajiya, ƙafarki na da lafiya? Duk wadda ta fita daga gidan nan yau, har ƙofarta. Da falmaran. Ki riƙe hannu. Abin da kika faɗa jiya, shi za ki faɗa."

Jama'a, na yi tafiya a rayuwata, amma ban taɓa yin irin ta Larabar nan ba. Mai kitso ta tashi, na bi ta. Mai sabulu ta tashi, na bi ta. Wadda ta leƙo neman aron almakashi ma sai da na kai ta gida. Kowacce ta bakin famfo nake bi da ita, ko da ba nan ce hanyarta ba, in kai ta ƙofa in ce, "Sannu, Allah ya ƙara haƙuri." Hawaye ma ban nema ba, rana da tashin hankali sun ba ni jan ido kyauta. Na daina ƙirge a ta ashirin. Silifas ɗina ya tsinke, na karɓi na Rifkatu. Tun ana kallona da mamaki har aka koma dariya. Kafin la'asar an raɗa min suna, Inna Mai Rakiya. Wasu suka riƙa shigowa don kawai a raka su. Wata tsohuwa ta ɗora min dammin itacenta ta ce tunda tafiyar nake so. Wani dattijo a gindin bishiya ya ce, "Mu maza ba a raka mu?" Na ce ya bari sai ya yi kitso. Ina wasa da su, hankalina kuwa yana wani wuri. Sau huɗu na wuce ta gaban tantin matar nan, ban yarda na waiga ba.

Wajen la'asar sakaliya sai ga uwar mijin da kanta ta zo karɓar sabulu. Ko sabulun ya kawo ta ko bincike, Allah masani. Da ta tashi na cafke hannunta. Ta ce ta san hanya, na ce a Kaduna ba a haka. Muka ratsa famfo mata na shewa. A ƙofar tanti na ce, "Sannu Iya, Allah ya ƙara haƙuri."

Ta fizge hannunta ta ce, "Ke dai ba ki da wata addu'a sai wagga? Ashe haka kike." Ta yi tsaki ta shige.

Ban taɓa jin daɗin tsaki irin na ranar ba. Na ɗaga murya yadda na cikin tanti zai ji, kamar yadda Madam Zainabu ta ce in yi a kowane layi, na ce gobe da sassafe za a raba zare da allura a gidan mata, wadda ta makara ta rasa.

Alhamis tun rana ba ta yi zafi ba mata suka cika gidan. Ni ina bakin zana da kumburarriyar ƙafa, ina duba kowace fuska. Babu ita. Inuwar zana tana ta janyewa, ina kallonta tana matsowa gindin ƙafata. Rifkatu ta kawo min shayi na ce ta kai shi can. Na shiga na fito, na shiga na fito. A raina ina cewa, Asabe, garin neman gira kin tsone wa baiwar Allah ido, in cutar nan ta kama ta da wane baki za ki yi bayani ranar gobe? Madam Zainabu tana kiran mata ɗaya bayan ɗaya zuwa ɗakin ƙurya su karɓi zarensu, tana jan kowacce da hira don kada daɗewar wata ta zama abin lura.

Sai ga ta, a tsakiyar wasu mata uku, ba goyo. Ta wuce ta gabana kamar ba ta taɓa ganina ba, ni ma na kau da kai ina yi wa wata faɗan ta taka min ƙafa. Aka kira ta a layinta. Da ta fito da ƙullin zare a hannu, Mama Furaha ta biyo baya tana wanke hannu a buta. Ba ta dube ni ba, waƙa kawai take yi ƙasa-ƙasa da yarensu. Na gane an ba ta maganin, na zauna a kan turmi.

Amma zaman bai yiwu ba. Tunda kowa nake rakawa, in na bar ta ita kaɗai na sake nuna ta. Na raka biyu kafin ita, sannan na kama hannunta muka fita. Kwana biyu bayan nan muka taso gida, ban sake ganinta ba, Madam Zainabu kuma ba za ta gaya min komai ba ko na tambaya, dokar ke nan. Don haka iyakar abin da na sani shi ne abin da ya faru a wannan 'yar tafiya.

Mun wuce famfo ana tsokanata, ba wadda ta kalle ta. Da muka yi nisa na ce a hankali, "Ki yafe min, 'yata."

Ta ce, "Ƙwayoyin na cikin zaren. Kullum ɗaya, har mako huɗu." Muka ƙara taku kaɗan. Ta ce, "Iya ta bar zancen, ta ce taɓin hankali gare ki."

Na ce, "Alhamdulillahi. Ina yaron?"

"Yana wurin ubanshi." Sannan ta ce, "Shi ya sani, Inna. Yana bayan tanti ran da kika kawo ni. Ya ga fuskarki, ya kuma ga ran Litinin ban kawo itace ba."

Na ce, "Me ya ce?"

"Tun ranar bai yi min magana ba. Ko abinci na aje sai ya tashi. Yau da safe dai yac ce in kwance goyon in ba shi, in tahi kar rana ta yi."

Karon farko a tafiyar nan na bar bakina a rufe. Muka iso. Yana zaune a ƙofar tanti a kan buhu, saurayi ne ma ashe, siriri, yaron na barci a cinyarsa, ya kafa ido a ƙasa. Maƙwabta na waje suna kallo, suna jiran su ji Inna Mai Rakiya ta yi addu'arta su yi dariya. Dole in faɗa. Na saki hannunta na ce, "Sannu, Allah ya ƙara haƙuri."

Maƙwabtan suka yi dariyarsu. Shi bai ɗago ba. Ya gyara kan yaron a cinyarsa, ya ce, "Amin, Inna."